Yadda Na Shirya Wa Jama'armu Ziyarar Garin Birr

Ƙungiyarmu ta Hausawa mazauna tsakiyar ƙasar Ayilan, wadda yawancin 'ya'yanta ɗalibai ne da ma'aikatan asibiti da iyalansu, takan fita yawon buɗe ido a lokacin dogon hutun makarantu na watannin Yuli da Agusta. Da aka ɗora mini nauyin shirya fitar, sai na zaɓi Birr, wani ƙaramin garin kasuwa da ke gundumar Offaly, domin babu nisa daga inda akasarinmu muke zaune, kuma yana da abin da zai riƙe hankalin yaro ɗan firamare da na dattijuwar da ta zo daga gida ganin jikoki. Abin da kowa ya sani game da garin shi ne katafariyar na'urar hangen taurari da ke harabar fadarsa, wadda ta shafe sama da shekara 70 babu kamarta a duniya. Ni kaina abin da ya fara jan hankalina ke nan.

Matakin farko shi ne sufuri, kuma shi ya yanke mana abubuwa da yawa. Jirgin ƙasa ba ya zuwa Birr, domin reshen dogon da ya haɗa garin da Roscrea tun 1858 an rufe shi a 1963, saboda haka dole mu ɗauki hayar bas guda wadda za ta kwashe mu gaba ɗaya. Na tsayar da ranar aiki a tsakiyar mako maimakon Lahadi, saboda ina so ɗakin karatun garin ya kasance a buɗe. Daga nan na zauna karatu, na tattara duk wata takardar masu yawon buɗe ido da na samu, sai na lura da cewa kusan dukkansu da ƙofar fada suke farawa, a nan kuma suke ƙarewa. Masu zuwa da mota sukan ajiye ta kusa da katanga, su shiga, su fito, su kama hanya, ba tare da sun taka titi ko ɗaya na garin ba. A ganina wannan tsari yana tauye labarin, domin wanda bai fara ganin gari ba zai ɗauka cewa wani basarake ne shi kaɗai ya yi abin al'ajabi a tsakiyar daji, alhali kuwa maƙera da magina da leburori na wannan gari ne suka yi aikin da hannunsu, kuma ƙasar da aka yi aikin a kanta tana da nata tarihin tun kafin zuwan gidan sarautar. Saboda haka na ƙudura cewa jama'armu za su ratsa gari da ƙafa tukuna, fada kuwa sai daga baya.

Na je Birr ni kaɗai kafin ranar, don in bi hanyar da ƙafata in ga ko dattawa da masu turin keken jarirai za su iya. Na fara da ɗakin karatu, wanda ke cikin wani tsohon gidan mata masu hidimar cocin Katolika, ginin dutse mai tagogi masu tsini da shahararren mai zanen gine-gine Pugin ya tsara. A can na fahimci cewa garin ya girmi fadarsa nesa ba kusa ba. A ƙarni na 6 wani malamin Kirista mai suna Brendan ya kafa gidan ibada da karatu a wurin, kuma a shekara ta 697 aka yi wani babban taro a Birr, inda Adomnán, shugaban gidan ibada na tsibirin Iona, ya gabatar da dokar da ta haramta kashe mata da yara da malaman addini a lokacin yaƙi, aka ɗora tara mai nauyi a kan wanda ya karya ta, sarakuna da manyan malamai 91 suka tsaya mata a matsayin masu lamuni. Na daɗe ina juya wannan a raina, domin a ƙaramin gari irin wannan, shekara fiye da 1,300 da suka wuce, mutane sun zauna sun amince cewa yaƙi ma yana da iyaka. Na rubuta a takardata cewa wannan ne abu na farko da zan faɗa wa jama'a.

A cikin ɗakin karatun akwai kwafin wani littafin Linjila da Macregol, shugaban gidan ibadar Birr wanda ya rasu a 822, ya rubuta da hannu ya kuma ƙawata. Ainihin littafin yana ɗakin karatu na Bodleian a Oxford, amma kwafin ya isa mutum ya ga kyan hannun, da manyan haruffan farkon babi da aka murɗa aka cika da jan tawada da rawaya. A shafin ƙarshe marubucin ya sa sunansa, ya roƙi duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a, daidai yadda masu kwafar littattafai a zaurukanmu na Kano da Katsina suke rufe aikinsu da sunansu da neman gafara ga kansu da iyayensu. Ma'aikaciyar wurin ta amince mu shigo da jama'a rukuni-rukuni, da sharaɗin kada a cika ɗakin da hayaniya, muka tsayar da lokaci.

Daga nan na gangara cikin gari ina duba agogo. Ƙasar Birr ta zuriyar O'Carroll ce, sarakunan gargajiya na yankin Ely, har zuwa lokacin da masarautar Ingila ta karɓe ta a ƙarƙashin tsarinta na dasa baƙi a filayen 'yan ƙasa, ta ba wa Sir Laurence Parsons a 1620. Shi ne ya tsara garin a matsayin garin kasuwa, ya samo izinin cin kasuwar mako, ya kawo masu sana'ar gilashi, ya kafa dokokin shimfiɗa dutse a titi da cin tarar mai zubar da shara a bakin hanya. Sunan garin ma ya koma Parsonstown, kuma haka aka riƙa kiransa har ƙarshen ƙarni na 19 kafin tsohon sunan ya dawo. Na yanke shawarar faɗar wannan ɓangare yadda yake, ba ragi ba ƙari, domin mutanenmu sun san ma'anar a zo a karɓi ƙasa a sauya mata suna, kuma ba na so kyan gine-gine ya rufe musu ido ga yadda aka samu filin da aka gina su.

Dandalin Emmet shi ne cibiyar garin, kuma a nan na tsara bas za ta sauke mu. A tsakiyarsa akwai wani dogon ginshiƙin dutse da aka kafa a 1747, wanda a da yake ɗauke da mutum-mutumin Duke na Cumberland, ɗan sarkin Ingila, wanda ya ci yaƙin Culloden na ƙasar Scotland a 1746. An sauke mutum-mutumin a 1915, dandalin kuma yanzu yana amsa sunan Robert Emmet, ɗan kishin ƙasar da Turawan Ingila suka rataye a 1803, ginshiƙin kuwa yana nan tsaye babu kowa a kansa. A gefe guda ga otal ɗin Dooly, wanda shi ma tun 1747 yake karɓar matafiya, tun zamanin keken doki. Daga dandalin tituna suka rabu, kuma biyu ne na zaɓa. Na farko shi ne John's Mall, inda akwai wani ɗan gini mai ginshiƙai irin na tsohuwar Girka da aka yi a 1833 don tunawa da John Clere Parsons, ɗan gidan da ya rasu yana saurayi, ga mutum-mutumin William Parsons, na uku da ya riƙe sarautar Earl ta gidan kuma wanda ya gina na'urar hangen taurarin, a gabansa, ga wata igwa da aka kwaso daga yaƙin Kirimiya, ga kuma wani dutse da al'ada ta ce shi ne cibiyar ƙasar Ayilan. Na biyu shi ne Oxmantown Mall, titi miƙaƙƙe mai jerin gidaje a gefe ɗaya da jerin itatuwa a ɗaya gefen, coci a wannan ƙarshe, ƙofar fada a wancan. Kowane gida yana da ƙofar katako mai fenti da taga mai siffar rabin da'ira a samanta, kuma idan mutum ya matsa kusa zai ga cewa zanen ƙarfen da ke cikin tagogin ya bambanta daga gida zuwa gida.

Sauran shirin bai ɗauki lokaci ba. Na aika wa ofishin fadar saƙo na nemi tikitin rukuni, na tambaya ko za mu iya shiga da abincinmu, aka ce babu laifi a ci a wuraren da aka tanada, na kuma nemi izinin yin sallar Azahar a wani gefen ciyawa, aka amince. Na gaya wa kowa ya zo da rigar ruwa da takalmi mai ƙwari, domin a wannan ƙasa hasken safiya ba ya tabbatar da komai game da yamma. Na kuma bayyana musu tun da wuri cewa ita kanta fadar gida ce da iyalin Parsons suke zaune a ciki har yau, saboda haka harabarta da gidan kayan tarihinta ne za mu zaga.

A ranar, yayyafi ya tarye mu a dandali, amma bai hana komai ba. Na faɗi labarin ginshiƙin, muka wuce ɗakin karatu, inda wata Hajiya da ta zo ganin 'yarta ta sa tabarau ta sunkuya a kan kwafin littafin na tsawon lokaci, sannan ta ɗago ta ce mini, "Ɗana, wannan hannun malami ne, ba na ɗalibi ba." A wata kwana kusa da coci na tsayar da jama'a na ba su labarin Mary Ward, 'yar uwar gidan Parsons, masaniyar ƙananan halittu wadda take nazarinsu da madubin ƙara girma tana kuma zana su. A ranar 31 ga Agusta 1869 tana cikin wata mota mai aiki da tururi da samarin gidan suka ƙera, motar ta sha kwana, ta faɗo, ƙafar motar ta bi ta kanta, ta rasu nan take. Ita ce mutum na farko da tarihi ya rubuta cewa mota ta kashe. Iyaye suka riƙe hannun 'ya'yansu muka tsallaka, muka bi ƙarƙashin itatuwa har bakin katanga.

Da muka shiga, na fara nuna musu wani abu da wanda ya zo da mota kai tsaye ba zai lura da shi ba, wato fadar ta juya wa gari baya. A farkon ƙarni na 19 Earl na biyu ya sake fasalin gidan, ya mai da fuskarsa wajen lambu da tafki, aka lulluɓe shi da sassaƙaƙƙen dutse. Gidan kayan tarihin yana cikin tsohon bargar dawaki, kuma a nan matan suka tsaya a kan kayan Mary Rosse, matar Earl na uku, wadda ta kasance cikin masu ɗaukar hoto na farko-farko a shekarun 1850, ɗakin wanke hotonta kuma yana cikin mafi tsufa da suka rage a duniya. Samarin kuwa suka taru a kan aikin ƙaramin ɗanta Charles Parsons, wanda a 1884 ya ƙirƙiro injin tururi mai farfela, irin wanda har gobe yake juya janaretocin manyan tashoshin lantarki, kuma a 1897 ya ratsa tsakanin jiragen yaƙin Birtaniya da ɗan jirginsa Turbinia ba wanda ya iya cim masa.

Na'urar hangen taurarin tana tsakiyar fili, tsakanin wasu manyan katangun dutse guda biyu, kuma duk hoton da mutum ya gani ba ya shirya shi ga girmanta. Bututu ne na katako mai tsawon fiye da mita 16, an ɗaure shi da zobban ƙarfe, an rataye shi da sarƙoƙi da ƙurarraki, bakinsa yana kallon sama. An ruwaito cewa kafin a ɗaga shi wani babban malamin coci ya ratsa ta cikinsa a tsaye da lema a buɗe. William Parsons, Earl na uku na Rosse, shi ya tsara ta, aka kammala a 1845, kuma madubinta mai faɗin inci 72, wato kimanin mita 1.8, shi ne mafi girma a duniya har zuwa 1917 lokacin da aka kafa mai inci 100 a dutsen Wilson na Kalifoniya.

A nan na fi daɗewa, domin nan ne dalilin da ya sa na bi da su ta cikin gari. A wancan zamani ba a iya yin madubin gilashi mai wannan girma ba, saboda haka da ƙarfe aka yi shi, garwayen jan ƙarfe da kuza, wanda yake ɗaukar ƙyalli sosai amma yana da saurin fashewa kamar tangaran. Babu wata masana'anta da za a saya a wurinta, kuma waɗanda suka taɓa yin irinsa ƙanana sun ɓoye sirrinsu, don haka a harabar fadar aka gina maƙera. Makamashin da aka narka ƙarfen da shi busasshiyar ƙasar fadama ce, wadda mutanen yankin suke yankawa tubali-tubali su shanya su ƙona a murhunsu. An yi zubin farko a 1842, a manyan tukwane uku da aka juye lokaci guda cikin mazubi, sannan aka ja faifan yana ja wur aka shigar da shi tanda, aka toshe, aka bar shi yana hucewa a hankali har tsawon makonni, domin idan gefe ya riga tsakiya sanyi to ya tsage. An yi zubi sau da dama kafin a samu guda biyu masu kyau, kowanne kimanin tan 3, aka goge su da injin tururi har suka yi ɗan zurfin da ake bukata. Dole ne su zama biyu, saboda damshin Ayilan yana dusashe ƙarfen cikin 'yan watanni, sai a ciro ɗaya a kai gugar, a sa ɗayan. Duk wannan aiki mutanen yankin ne suka yi shi, waɗanda Earl ɗin ya koya wa da kansa, kuma bai ɓoye hanyar ba, ya wallafa ta don kowa ya amfana.

Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Kawu, to ta ina ake leƙawa?" Na nuna masa matakala da barandar katako da ke can sama kusa da bakin bututun, na ce a nan mai kallo yake tsayawa cikin dare da sanyi, wasu mutane a ƙasa suna murɗa ƙurarraki bisa umarninsa. Bututun yana ɗagawa sama ya sauka ƙasa yadda ake so, amma katangun ba sa barinsa ya karkata dama ko hagu sai kaɗan, saboda haka tauraro ba ya wuce kamar sa'a guda a gabansa, a ƙasar da gajimare ya fi sarari yawa. Babu kyamarar da za ta ɗauki abin, sai dai ido da fensir. A haka, a watan Afrilu na 1845, Earl ɗin ya dubi wani ɗan hazo-hazon haske da masana suke kira M51, ya ga yana da hannaye a nannaɗe, ya zana shi. Wannan ne karo na farko da ɗan Adam ya ga siffar irin waɗannan gungun taurari, kodayake sai bayan kusan shekara 80 aka tabbatar cewa wasu duniyoyin taurari ne daban da namu. Ɗaya daga cikin madubin na asali yana gidan kayan tarihin kimiyya na Landan, na'urar da muke gani kuwa an maido da ita yadda take a shekarun 1990.

Ban bar su sun tafi da sha'awa kaɗai ba, domin shekarar 1845 ɗin ita ce shekarar da cuta ta fara cinye dankalin Turawa, abincin talakan Ayilan, aka shiga babbar yunwar da ta kashe kimanin mutum miliyan ɗaya, wasu fiye da miliyan suka yi hijira. Na'urar ta zauna kusan ba a amfani da ita har 1848, saboda mai ita ya koma aikin agaji, matarsa kuma ta ɗauki ɗaruruwan mutane aikin haƙa ganuwa da gina ƙofa a harabar don su samu abin sayen abinci. Na nuna musu ganuwar, wadda yanzu ciyawa ta rufe. Wani likita daga cikinmu ya ce, "Malam, ai taimako ne, amma wa ya mallaki gonar tun farko?" Na ce masa tambayarsa tana kan hanya, kuma ni ma ban ga dalilin zaɓar ɗaya a bar ɗaya ba, domin gidan Parsons ya yi abin da yawancin masu filaye na lokacin ba su yi ba, kuma tsarin da ya sa manomi ya dogara da dankali kaɗai yana biyan haya da hatsinsa shi ne tsarin da ya gina gidan.

Bayan salla da abinci na saki jama'a su zaga lambun yadda suka ga dama, tunda harabar ta kai kadada 50, kuma koguna biyu, Camcor da Little Brosna, a cikinta suke haɗuwa. Wasu suka tafi ganin shingen itace da ya haura shekara 300, wanda ake lissafa shi mafi tsayi a duniya, wasu suka tsaya kallon tsohuwar gadar ƙarfe mai rataye da ke ƙarƙashin fadar, yara kuwa suka ruga filin wasa. Ni da ɗaliban injiniya muka taka zuwa inda aka kafa I-LOFAR a 2017, wadda ba ta da bututu ko madubi, sai jerin eriya a shimfiɗe a fili suna karɓar igiyoyin rediyo daga rana da taurari, ana haɗa abin da suka tattara da na sauran tashoshi irinta a ƙasashen Turai.

Abubuwa biyu na bari sai a cikin bas, saboda ƙafafun dattawa sun gaji. Na roƙi direba ya bi ta gaban tsohon gidan gajiyayyu da aka buɗe a 1842 don mutum 800, wanda ya cika ya batse a shekarun yunwa, inda ake raba miji da mata da 'ya'ya tun daga bakin ƙofa, ya rage gudu kowa ya gani ta taga. Sannan na gaya wa samarin cewa a wani fili na wannan gari aka buga wasan ƙarshe na farko na gasar hurling ta ƙasa baki ɗaya, wasan sanda da ƙwallo da mutanen Ayilan suke ji da shi, a ranar 1 ga Afrilu 1888, inda 'yan wasan gundumar Tipperary suka doke na gundumar Galway. Kafin mu kai gida shugaban ƙungiya ya karɓi takardar da na rubuta hanyar da lokutan a kai don a ajiye wa wanda zai shirya ta gaba, Hajiya kuma ta sa baki cewa a kai su Clonmacnoise, tsohon garin malamai da ke bakin kogin Shannon a wannan gunduma, aka tsayar da shi a matsayin fita ta gaba.